Faifan Kawu Ƙarami da Ba Wanda Ya Ji

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawu Ƙarami ya riga mu kama hanya. Da hantsi aka kai shi makwancinsa, kafin azahar kuwa ƙofar gidan kakannina a nan Garwa ta cika maƙil, sai da aka aro tabarmi daga masallacin unguwa.

Ina zaune a gefe ina kallon masu gaisuwa, sai na ga kashi biyu ne. Na farko 'yan kasuwa ne, abokan Kawu Babba, yayan mamacin kuma babban gidan. Manyan riguna, ƙanshin turare, carbi a hannu. Su durƙusa a shafa fatiha, su ce, "Alhaji, ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai. Mutum ne mai zumunci." Daga nan sai su yi shiru su kalli tabarma. Ko ɗaya a cikinsu bai ambaci waƙa ba, alhali duk garin nan an san abin da Kawu Ƙarami ya yi suna a kai.

Kashi na biyu ba su iya haɗiye magana ba. Tsofaffin direbobi ne da kanikawa masu baƙin mai a farce. Wani dattijo da ya taso tun daga Mokolo a bayan moto, wato babur, ƙafafunsa duk jar ƙasa, bai ko gama gaisuwa ba ya fashe da kuka yana cewa, "Wa zai ƙara yi mana waƙar tsohuwar mota? Wa?" Aka yi ta dafa shi ana cewa, "Malam, yi salati, addu'a yake buƙata." Wata tsohuwar Bafillata mai tallan nono ta tsaya daga nesa da ƙwaryarta a ka, ta ce, "Sey munyal, Allah yaafo mo," wato sai haƙuri, Allah ya yafe masa. Da ta shiga wurin mata ta gaya wa mahaifiyata cewa marigayin ya taɓa sa ta a waƙa, bai faɗi sunanta ba, amma ita ta san ita ce.

Ni kuwa idona yana kan Kawu Babba. Lokacin da dattijon nan ya ambaci waƙa na ga yadda ya runtse ido ya matse carbinsa. Akwai abin da na sani wanda shi bai sani ba tukuna. Kawu Ƙarami, da furfurarsa da komai, ya yi faifansa na farko: waƙoƙinsa na kansa, da muryarsa da jitarsa, an ɗauka har an kusa gamawa. Duk duniya kuma wuri ɗaya faifan yake, cikin kwamfutar wani saurayi mai situdiyo a unguwar Pumpumre. Allah bai ba Kawu haihuwa ba. Shi da bakinsa ya ce min, "Kowa zai bar 'ya'ya su ce Allah jiƙan baba. Ni wannan zan bari." Ina zaune a kan tabarmar makoki ana ta addu'a, ni hankalina yana can Pumpumre.

Gidan su mahaifiyata gidan fatake ne. Kakansu daga Kano ya gangaro da tufafin rini a bayan jakai, ya ga Garwa ta yi masa, ya zauna. Tun daga shi, duk namijin da aka haifa a gidan rumfar kasuwa yake gada. Kawu Ƙarami ne kaɗai ya ce zaman rumfa barci yake sa shi. Ya gudu bakin kogin Binuwai, zamanin da jiragen ruwa ke hawowa daga Najeriya da damina, ya yi dako, ya yi yaron mota, har ya zama direban manyan motocin auduga. A hannun wani ma'aikacin jirgi ya sami jitarsa ta farko, tsagaggiya, ya ɗaure ta da waya. Ba wanda ya koya masa. Ya cire tsirkiya biyu daga cikin shidan, ya ja sauran yadda kunnensa ya ba shi, yana kaɗa ta kamar molo. In aka tambaye shi ina sauran biyun sai ya ce, "'Yan cin banza ne, na sallame su."

A motarsa kaset iri ɗaya yake sa wa, waƙoƙin Turawan karkarar Amurka, waɗannan masu faffaɗar malafa da jita a wuya. Ko kalma ɗaya ta Ingilishi bai sani ba, Faransancin ma na gaisawa da jandarma ne kawai. Amma sai ya rage sauti ya ce min, "Ka ji wannan? Matarsa ce ta yi yaji." Wata waƙar ta shigo ya ce, "Wannan kuma saniyarsa ce ta mutu, ga shi ruwa ya ƙi sauka." In na ce, Kawu ta yaya ka sani, sai ya ce, "Fulaninsu ne fa. Kukan mai dabba iri ɗaya ne ko'ina." Da na girma na fahimci wasu daga ciki, na tarar yawanci shaci-faɗi yake yi. Ban taɓa gaya masa ba, don fassararsa ta fi ta gaskiyar daɗi.

Abu ɗaya ya ɗauka daga wurinsu: mutum ya zauna shi kaɗai da jitarsa, ba 'yan amshi, ba makaɗa, ya faɗi abin da ya same shi. Waƙoƙin Kawu ba na sarki ba ne, ba na mai kuɗi ba. Akwai ta tsohuwar motar da ta karye masa kusa da Mayo-Ulo, ya yi ta gadin audugar mutane yana cin ɗanyar gyaɗa. Akwai ta dankalin Mokolo. Akwai ta dorinar Binuwai, wadda ya ce ta fi gwamna sanin garin, don ita ba a yi mata canjin wurin aiki. Akwai kuma ta mahaifiyarsu tana tsince shinkafa da idon da ya daina gani sosai. Wannan jefi-jefi yake yin ta, in ya yi ta kuwa ranar an tashi ke nan, ba ya ƙara wata.

Dokokinsa biyu ne, kuma a kansu ba ya wasa: ba a yi masa liƙi, ba a ɗaga masa waya. Da zarar ya ga wani ya zaro waya zai ɗauke shi, sai ya kife jitar a cinya ya ce, "Ka zo ji ne ko ka zo sata?" Mun sha yi masa dariya a kan haka. Saboda dokar nan ne yau ba wanda ke da muryarsa a aljihu.

Ina yaro ina da in'ina mai tsanani. In malami ya tambaye ni sunana sai in maƙale a harafin farko har 'yan aji su gaji da dariya. Kowa a gida ya kawo nasa maganin, na sha rubutu har na ƙoshi. Kawu dai ya ɗauke ni a mota lokacin hutu, ya ce, "Daga nan har mu dawo ba magana a motar nan, sai waƙa. In ruwa kake so, rera." Haka muka yi. Ina rera masa, "Kawu ina jin fitsari," yana amsa min da waƙa, "Jira mu wuce shingen jandarma." Na yi dariya har na manta ina tsoron bakina. Ba a tafiya ɗaya na warke ba, amma daga nan na kama bakin zaren. Yau ni malamin makaranta ne, da baki nake cin abinci.

Tsakaninsa da Kawu Babba kuwa, jita ce kawai matsalar. Ranar bikin 'yar Kawu Babba ta fari, direbobi suka matsa wa Kawu, ya ɗan taɓa musu a ƙofar gida. Wani baƙo daga dangin ango, wanda bai san doka ba, ya taso ya manna masa kuɗi a goshi. Kawu ya cire ya mayar masa, amma Kawu Babba ya riga ya gani. A gaban mutane ya ce, "Ka mayar da ƙofar ubanmu dandalin maroƙa. Mu 'ya'yan fatake ne!" Kawu ya ce, "Yaya, ni ban roƙi kowa ba." Ya rataya jitarsa ya tafi, kuma ba ta sake shiga gidan ba har ya mutu. Sun daɗe ba sa cin tuwo a kwano ɗaya. Sai da aka yi wa Kawu Babba aikin ido, yana kwance fuska a ɗaure, sannan Kawu ya dawo. Kullum ya zo ya riƙe hannunsa zuwa alwala, ya yanke masa farce, ya ba shi labarin wa da wa suka wuce a titi. Ba wanda ya ba wani haƙuri, ba kuma wanda ya ƙara ta da maganar.

Ni na kai shi situdiyon, bayan na daɗe ina yi masa naci. Ranar farko mai situdiyon ya ba shi kujera, ya sa masa abin ji a kunne, ya rufe ƙofa. Kawu ya kalli bangon da aka manna wa soso, sannan ya ce, "Yaro, wa zan yi wa waƙar? Katifa?" Sai da aka shimfiɗa masa tabarma, aka buɗe ƙofa, aka ce ni in zauna a gabansa. Mai situdiyon ya ce ƙarar moto za ta shiga. Kawu ya ce, "Ta shiga mana, ai a Garwa muke." In ya yi baiti aka ce ya maimaita, sai ya zo da wasu kalmomi daban. Mai situdiyon ya dafe kai ya ce, "Tonton, pardon, Kawu yi haƙuri, ba haka ka faɗa ɗazu ba." Kawu ya ce, "Ɗazu ai ɗazu ne." Daga baya saurayin ya daina gyara shi, har yakan manta da kwamfutar ya yi tagumi yana ji.

Na roƙi Kawu ya bari a tura min ko waƙa ɗaya a waya, ya ƙi. "Ba a sauke kaya a tsakiyar hanya," in ji shi. "In an gama, kowa ya ji lokaci ɗaya." Ya sa mai situdiyon ya yi masa alkawari ba zai ba kowa ba. Abin da ya rage kaɗan ne, a daidaita sauti, a ɗauki hotonsa na bangon faifan. Har ya kai babbar rigarsa wanki da guga saboda hoton. Wata rana ya dawo daga sallar la'asar ya ce wa Inna, matarsa, ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a samo mota ya cika. Bai bar wasiyya a kan komai ba.

Bayan addu'ar uku Kawu Babba ya tara maza a soro. Ban san wanda ya kai masa labari ba. Ya dube ni ya ce, "Na ji ƙanena ya bar wani abu a Pumpumre." Na ce haka ne. Malamai biyu ne a wurin, bakinsu kuma bai zo ɗaya ba. Ɗaya ya ce in babu batsa, babu zagin kowa, shi bai ga abin tsoro ba. Ɗayan ya ce kiɗan tsirkiya ne, kuma duk wanda ya kunna bayan ransa akwai kason da zai bi mamacin har kabari. Suka yi ta ja, kowa da hujjarsa, mu da ba mu yi zurfi ba muna bin bakinsu da ido.

Kawu Babba ya ɗaga hannu aka yi tsit. Na zaci faɗa zai yi irin na ranar biki, da ma faɗan ya yi, da na san yadda zan ji haushinsa. Kuka ya yi. Ya ce, "Ni ba malami ba ne. Amma ni na goya yaron nan a bayana. Yana da rai ya yi abin da yake so, na ƙyale shi, don mai rai yana iya tuba. Yanzu fa? Yana can shi kaɗai, ba shi da bakin cewa a kashe. In malamin nan na biyu ne da gaskiya, kullum aka kunna a tasha ana ƙara masa kaya. Ba zan yi caca da kabarin ƙanena ba. A goge."

Ina da magana a bakina, na ma tsara ta tun a hanya. Zan ce babu batsa a ciki, akwai ma waƙar mahaifiyarku. Zan ce shi ya so a ji, ba shi da ɗa, wannan ne abin da ya bari. Na buɗe baki na ce, "Ka... Ka... Ka..." In'inar da ta rabu da ni tun ina yaro ta dawo ta shaƙe ni a gaban mutane. Ina ta kokawa da kalmar Kawu, gumi na keto min, har babban ɗan Kawu Babba ya dafa gwiwata ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Ka yi masa ƙoƙari, kowa ya sani. Amma wannan maganar 'yan gida ce." Gaskiya ya faɗa, ni ɗan mace ne. A gidan kawunnai ana ba ka tsokar nama mai kyau, ba a ba ka bakin magana. Na shiga ciki wurin mahaifiyata, ta ce, "Yaya ya yanke, ni wace ce?" Inna kuwa tana can gidan mijinta cikin takaba, ba wanda ya ga dacewar a dame ta.

Washegari muka tafi Pumpumre, ni da Kawu Babba da ɗansa. Mai situdiyon Kirista ne, ya je jana'iza ya tsaya daga baya har aka watse. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Ya ce, "Alhaji, aikin tsohon nan ba irin wanda ake samu kullum ba ne. Ka ji ko ɗaya tukuna, s'il vous plaît, don Allah. Ɗaya kawai." Hannunsa har ya kai kan kwamfutar. Kawu Babba ya ce, "Kada ka kunna. In na ji muryarsa ba zan iya ba." Ya juya mana baya ya fuskanci ƙofa, yana jan carbi. Ɗansa, wanda ya karanci kwamfuta, shi ya zauna ya goge, ya bi duk inda za a iya samun saura ya share. Nan da nan aka gama, aikin wata da watanni. Da muka fito Kawu Babba ya riƙe kafaɗata, ni na kai shi mota.

Na koma ni kaɗai daga baya, ina fatan saurayin ya yi mana ƙarya ya ɓoye wani abu. Ban taɓa fatan mutum ya zama maƙaryaci ba sai ranar. Ya girgiza kai ya ce, "Grand, babban yaya, tsohon ya sa ni alkawari, na riƙe. Ba ni da komai. C'est fini, shi ke nan."

Na so in tsani Kawu Babba, wallahi na gwada, abin ya ƙi. Tun ranar ya rame, ba ya fashin zuwa maƙabarta, ya sa an haƙa rijiya a unguwa sadaka ga ƙanensa. Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya ko za mu haɗa waƙoƙin. Kowa da ɗan abin da ya riƙe, kuma ba biyu da suka zo ɗaya, tunda Kawu bai taɓa yin waƙa sau biyu iri ɗaya ba. Har gardama ta kaure tsakanin tsofaffi biyu a tasha kan ko gwamna dorinar ta fi sanin gari ko kwamandan jandarma, sai da aka raba su. Jitar tana wurina, tsirkiyoyin sun saki. Na kai wa masu kaɗa jita a coci, kowa ya jujjuya ta ya ce bai san yadda tsohon yake jan su ba. Ni kaina da na zauna a gabansa aka ɗauki komai, amon yana kunnena, amma kalmomin kullum sai zubewa suke. Shi ya sa na zauna rubuta wannan tun da sauran abin da na riƙe.

Da Inna ta fita takaba na je gaishe ta. Bafillata ce ta asali, mai kunya irin ta mutanen da. Tsawon zamansu ban taɓa jin ta kama sunan Kawu ba, ban kuma taɓa ganin ta zauna inda yake kiɗa ba. Da ya ɗauko jita sai ta tashi ta shige madafa. Mu duk mun ɗauka ba ta son abin ne, ra'ayinta ɗaya da na Kawu Babba.

Muka gaisa, ta dama min fura. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a naɗe cikin zane, ta ajiye a gabana ta kwance. Ƙaramin rediyo ne sabo, irin mai cin memori, ko daga kwalinsa ba a fitar ba. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Tun yana zuwa wurin yaron nan na sayar da 'yar akuyata na aika aka sayo min. Ya ce in an gama za a sa a wani ɗan abu ƙarami. To, na fita takaba. Ka sa min."

Ashe ba wanda ya gaya mata. Gida guda, kowa ya bar wa wani. Ni na gaya mata, tun daga soro har Pumpumre.

Ta daɗe tana kallon kwalin. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta ce, "Allah ya ba Alhaji ladan niyyarsa." Sannan ta ce, "Ni fa ban taɓa jin waƙarsa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ta bayan bango nake tsinta, rabi-rabi, ga ƙarar turmi, ga kunya. Na ce in ta shiga rediyo sai in rufe ƙofa in ji abina, tunda ba ya wurin balle ya ga fuskata."

Ta ja zanen ta naɗe rediyon yadda ta fito da shi, ta ɗaure bakin, ta ɗora a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ni kuwa ko furar ban iya sha ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ƙarami, ya yalwata masa makwanci, ya sa can ta fi masa nan. In Kawu Babba ne da gaskiya, Allah ya sa mun sauke masa nauyi. In kuwa ba haka ba ne, Allah ya yafe mana, don abin da muka goge ba mu da inda za mu samo wa Inna shi.